Gaɓa Nawa?

A tsibirin Maktan, bayan kasuwar kifi,
shagonmu na warin danƙo da katakon nangka.
Ni ne mai shara, ni ke riƙe tsinken awo.
Zarto da magana na tsoho Tiburcio ne.

Ranar da Jovelyn ta zo
ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya.
Ta sauke jitar bes daga bayanta,
ta kwantar a benci kamar majinyaciya.
Ta ce, "Sabuwa nake so.
Tsirkiya huɗu, gaɓa ashirin da huɗu."

Tsoho bai ɗago ba.
Ya bi wuyan tsohuwar da babban yatsa
yana ƙirga ƙarafan da aka gitta,
kamar mai lallatsa rake kafin ya taya.

"Dubi nan," in ji shi.
"Ta ɗaya zuwa ta biyar sun zaizaye,
guminki ya rine katakon.
Ta bakwai ta ɗan ji jiki.
Daga sha biyu zuwa sama kuwa
sai ƙyalli, kamar kwanon da ake ajiye wa baƙi.
Abincinki a ƙasa yake, yarinya.
Mai bes ginshiƙi ne,
wa ya taɓa ganin ginshiƙi a kan rufi?
Ashirin sun ishi kowa.
Ni da na yi kiɗa a jirgin fito,
da gaɓa bakwai na biya kuɗin makarantar yara uku.
In na ƙara miki huɗu
sai na ci filin da yatsunki ke bugu,
sai na rarake ƙugun jitar don hannu ya shiga.
Duk don me?"

Ta matse ruwa daga gashinta.
Ta ce dare shida a mako take kiɗa
a otal ɗin bakin teku,
ga mutanen da ba sa jin bes
sai in ta yi shiru.
"Amma can ƙarshen dare,
lokacin da ake kife kujeru kan tebura,
akwai sauti guda da nake nema.
Kullum hannuna ya hau
sai ya tarar wuya ya ƙare,
kamar mai hawa bene cikin duhu
ya kai ƙafa, babu mataki."

"Buga shi a ƙasa mana. Sunansu ɗaya."

"Ni ma sunan kakata gare ni," ta ce,
"amma ba ni ce ita ba."

Na ci gaba da shara a wurin da na riga na share.

Mako shida ya yi yana mita.
Gaɓoɓin ƙarshe sun matsu da juna,
tazararsu da ƙyar ta ɗauki ɗan yatsa.
Yana buga guduma yana cewa,
"Ɗakuna huɗu, ba mai kwana."
Ya karɓi kuɗinsa bai rage ko sisi ba.

Damina biyu, guguwa ɗaya.
Iskar gishiri ta lanƙwasa wuyan,
Jovelyn ta aiko da jitar a bayan babur.

Tsoho ya sa tabarau, ya matso da fitila.
Ashirin da ɗaya: sabuwa fil.
Da biyu, da uku: ko ƙwarzane babu.
A ta ashirin da huɗu,
daidai ƙarƙashin siririyar tsirkiya,
ga wani ɗan rami
bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ya daɗe yana kallonsa.
Ya ce in miƙo magagari.
Ya goge ta ɗaya, ta biyu, har ta bakwai,
ya hura garin ƙarfen,
ya tsallake ta ƙarshe.

Ban tambaye shi ba.
Ya ce in rufe taga, ruwa zai dawo.